FILIN SANA'A: Ƙugiya mai baki uku, ita ce ma'aunin kifin ƙarya

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Manoman da ke zaune bakin ruwa ba su zaman banza da rani. Daga Ayoru zuwa Yamai, daga Yamai zuwa Gaya, kogin Isa yana ciyar da gidaje masu yawa. Hakanan tabkin Madarunfa kusa da Maraɗi, da na Tabalak cikin ƙasar Tawa, da Komadugu can gabas wajen Difa. Wani na su da taru, wani da birgi, wani da mamari, wani da fatsa. A wannan wata filin sana'a zai yi magana bisa wani kayan su da ya fito daga ƙasashen waje. Sunansa kifin ƙarya. Za a yi maganar ƙugiyoyin da ke rataye gare shi, da yadda ake zaɓensu.

Abin da ya samu wani saurayi

Wani saurayi manomi, na wani ƙauye kusa da Gaya, ya tafi ci-rani bakin teku. Da ya dawo, cikin tsarabarsa har da kifin ƙarya guda ɗaya. Ya saye shi da tsada. Tsawonsa kamar tafin hannu. Yana da ƙugiya biyu masu baki uku-uku, ɗaya ƙarƙashin ciki, ɗaya a wutsiya.

Kwanakin farko abin ya yi kyau. In ya jefa shi, sai ya tsaya bisa ruwa. In ya ja zare, sai ya yi ƙasa yana kaɗa jiki. In ya daina ja, sai ya taso sannu-sannu. Ya kama giwan ruwa biyu, ya kai kasuwa, ya samu na cefane.

Ran nan wani babba ya cafke shi. Aka yi ta ja-in-ja. Can sai zare ya yi sako-sako. Da ya jawo, ya tarar ƙugiyar wutsiya ta miƙe, kifi ya tafi abinsa. Ransa ya ɓaci. Ranar kasuwa ya nemi ƙugiyoyi masu baki uku, ya zaɓi waɗanda suka fi girma da kauri, ya sa su duka biyu.

Da ya koma ruwa, sai ya ga abin ya sake hali. Ya daina kaɗa jiki. Ko da ya dakata da ja, sai ya yi ƙasa tamkar tsakuwa, ya laƙe ga wani itace da ke kwance ƙarƙashin ruwa. Saura kaɗan zare ya tsinke. Kawunsa, tsohon masunci, shi ne ya shiga jirgi da doguwar gora, ya yi ta fama har ya ɓamɓaro shi.

Saurayin ya ce: "Kawu, abin nan ya lalace. Ko baki aka yi masa?"

Tsoho ya juya shi a hannu, ya auna nauyinsa, ya ce: "Ɗana, babu wanda ya yi masa baki. Kai ne ka ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. Ni ban taɓa su da irin wannan ba, amma na san taru. In darma ta yi yawa, taru ya kwanta cikin laka. In soson takalmin da ke sama ya yi yawa, taru ya tashi, kifi ya bi ta ƙasa. Ƙugiyar nan ita ce darmarsa."

Maganar tsoho gaskiya ce. Ga bayaninta.

Mene ne kifin ƙarya?

Kifin ƙarya ɗan gunki ne mai siffar ƙaramin kifi. Ana yin sa da itace maras nauyi, ko da roba mai iska a ciki. Ƙarƙashin bakinsa akwai ɗan leɓe. In an ja zare, ruwa ya bugi leɓen, sai ya tura shi ƙasa, ya sa shi rangaji. Ba a sa masa tana, ba a sa masa nama. Motsinsa kaɗai ke ruɗin kifi. Kifayen da ke cin ƴan uwansu, kamar giwan ruwa da tsage, su ne ke kai masa cafka.

Wanda ya fi suna cikin masu yin sa, wani talakan masunci ne na ƙasar Finlan, can arewacin Turai. Sunansa Lauri Rapala. Ya lura da wani abu cikin tabkin ƙasarsu: in ƙananan kifaye suna tafiya garke guda, babban kifi yana zaɓen wanda ya ji ciwo, mai tafiya a karkace. A shekara ta 1936 ya ɗauki wuƙa, ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itace irin wanda ake toshe kwalba da shi. Ya naɗe shi da takarda mai ƙyalli. Ya yi ta gyara, yana gwadawa cikin ruwa, har ya yi tafiyar kifi mai ciwo. Yau sunansa yana bisa kifayen ƙarya da ake sayarwa ko'ina cikin duniya. Masu ƙera su suna gwada su cikin ruwa kafin su fita kasuwa, tare da ƙugiyoyinsu. Ke nan an riga an lissafa nauyin ƙugiya cikin nauyin kifin. Wanda ya sake ƙugiya ya sake lissafi.

Me ke sa abu ya taso, me ke sa ya nutse?

Kowa ya taɓa danna ƙwarya cikin ruwa ya ji ruwa na turo ta sama. Wani masani na Girka mai suna Arshimed ya bayyana dalili, yau shekara fiye da 2200. Duk abin da ya shiga ruwa yana ture ruwa gwargwadon girman jikinsa. Ruwa kuma yana tura shi sama da ƙarfi daidai nauyin ruwan da ya ture.

Lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1, wato giram 1000. Ga misali. A ce kifin ƙarya yana ture ruwa na giram 20.

In nauyinsa giram 19 ne, zai taso.

In nauyinsa giram 20 ne, zai tsaya tsakar ruwa, ba sama ba ƙasa.

In nauyinsa giram 21 ne, zai nutse.

Tsakanin tasowa da nutsewa giram 2 ne kawai. Ƙarfen ƙugiya ya fi ruwa nauyi kusan sau 8, darma kuwa sau 11. Saboda haka ƙarfe ba ya ture ruwa mai yawa, kusan duk nauyinsa ƙasa yake ja. In an sa sababbin ƙugiyoyi biyu, kowace ta fi tsohuwa da giram 1, to mai giram 19 ya zama mai giram 21. Abin da ya samu saurayin nan ke nan.

Hali uku, kowane da wurinsa

Mai tasowa. Shi ne na wurin da ke da duwatsu da itatuwa ƙarƙashin ruwa. Irin wurin nan giwan ruwa ke laɓewa. In leɓe ya bugi itace, masunci ya saki zare kaɗan, sai kifin ya ja da baya ya taso, ya kuɓuta. Ko zare ya tsinke, ana iya ganinsa bisa ruwa a ɗauko. Mai kifin ƙarya guda ɗaya tak, wannan hali ya fi masa.

Mai tsayawa tsakar ruwa. In an daina ja, sai ya tsaya cik gaban kifi. Sau da yawa babban kifi yana bin abin kamu a baya bai cafka ba. Tsayawar nan ita ke sa ya kai baki. Yana da amfani lokacin ɗari, sa'ad da kifi ba ya son gudu. Amma shi ne mafi wuyar daidaitawa.

Mai nutsewa. Shi ne na gurbi mai zurfi, inda ƙasa rairayi ne, babu abin laƙewa. Masunci ya jefa, ya ƙirga cikin zuciya, sa'an nan ya fara ja. In ya samu kifi a ƙirga 8, ya riƙa komawa ƙirga 8.

Da ƙugiya kaɗai ana iya mai da mai tasowa da sauri ya zama mai tasowa a hankali, ko mai tsayawa. Muddin masunci ya san abin da yake so, shi ke zaɓe.

Karanta lambar ƙugiya

Bisa kwalin ƙugiya akwai lamba. Kamfanin Mustad na ƙasar Norwe, wanda ke ƙera ƙugiya tun 1877, da VMC na Faransa, da sauransu, duk suna rubuta lamba. Lambar tana tafiya a juye. Lamba babba, ƙugiya ƙarama. Lamba 10 ƙarama ce. Lamba 8 ta fi ta, sai 6, sai 4, sai 2, sai 1. Bayan 1 sai lissafi ya miƙe: 1/0, 2/0, 3/0, kowace ta fi ta baya girma.

Akwai kuma wata alama: 2X, 3X, 4X. Wannan ba girma take nunawa ba, kaurin ƙarfe take nunawa. Mai 4X ta fi mai 2X kauri, ta fi ta ƙarfi, ta fi ta nauyi, ko da lambarsu ɗaya.

A lura da abu guda. Lamba ba nauyi ba ce. Lamba 4 ta wani kamfani ba lalle ta yi daidai da lamba 4 ta wani ba. Saboda haka mai zuwa kasuwa ya tafi da tsohuwar ƙugiya cikin ɗan gwangwani, ya gwada ta da sabuwa.

Ƙugiya ƙarama, kamar lamba 6, ba ta kai giram 1 ba. Ma'aunin mai shago ba ya jin wannan nauyi. Amma ana iya yin ma'auni a gida. A samu siririn kara miƙaƙƙe, tsawon kamu ɗaya. A ɗaura zare tsakiyarsa, a gyara har ya tsaya daidai. A rataya tsohuwar ƙugiya a wannan baki, sabuwa a wancan, nisansu daga tsakiya ya zama ɗaya. Gefen da ya sunkuya shi ne mai nauyi.

Gwaji cikin randa

Gani ya kori ji. Kada a kai kifin ƙarya kogi sai an gwada shi gida. Ga yadda ake yi.

1. A cika randa ko babban bokiti da ruwan da za a yi su cikinsa. In an ɗebo shi da safe, a gwada da safe.

2. A sa wa kifin duk abin da zai shiga ruwa da shi: ƙugiyoyi, da zobba, da ƴar wayar da ake sa wa gaba domin haƙoran tsage. Wayar nan ma tana da nauyi.

3. A danna shi ƙasa har gwiwar hannu. A kaɗa shi domin kumfar iska ta rabu da shi. A saki.

4. A ƙirga har ya kai sama. A riƙe lambar, ko a rubuta ta.

5. A sake ƙugiya ɗaya tak, a sake gwadawa. Wanda ya sake biyu gaba ɗaya ba zai san wadda ta kawo canji ba.

In saura kaɗan ya kai yadda ake so, ba sai an sake ƙugiya ba. Ƙugiya tana rataye ga ɗan zobe na ƙarfe mai ninki biyu. Zobe mai kauri yana ƙara nauyi kaɗan. Ana kuma iya naɗa siririyar wayar tagulla a wuyan ƙugiyar ciki, a gwada, a rage ko a ƙara. Kada wayar ta sauko har ta cike bakin ƙugiya.

Inda nauyi ya zauna

Mai jaki ya san mangala. In gefe ɗaya ya fi nauyi, kaya sun karkace. Hakanan kifin ƙarya. Cikin randa a duba yadda yake kwanciya.

In ƙugiyar ciki ta fi nauyi, kai yana sunkuyawa kaɗan. Wannan ba laifi, leɓe yana saurin kama ruwa.

In ƙugiyar wutsiya ta fi nauyi, wutsiya tana yin ƙasa, kai ya yi sama. Rangaji ya ragu, ko ya mutu ɗungum. Kifin ƙarya da ba ya rangaji guntun itace ne kawai.

Saboda haka in za a ƙara nauyi, a fara daga ciki. Wutsiya a bar ta sakayau.

Sai a duba abu biyu. Na farko, a karkato ƙugiyar ciki da ta wutsiya wajen juna. In sun iya sarƙewa a hannu, za su sarƙe wajen jifa, jifan ya tafi banza. Sai a nemi mai gajeren wuya. Na biyu, a kwantar da ƙugiyar ciki bisa jikin kifin. Tsininta ya ɗan leƙo ta gefe da gefe. In jiki ya ɓoye ta sarai, ta yi ƙanƙanta, kifi zai cafka ya tofar.

Ɗari da bazara ba ɗaya ba ne

Ruwan sanyi ya fi ruwan zafi nauyi. Lita 1 ta ruwa mai zafin digiri 15 tana da giram 999. In ya kai digiri 30, giram 996. Bambancin kaɗan ne, amma mai tsayawa tsakar ruwa yana jin sa. Wanda aka daidaita lokacin ɗari yana iya nutsewa sannu-sannu da bazara. Wanda aka daidaita da bazara yana iya tasowa lokacin ɗari. Ruwan da ke da gishiri ko kanwa shi ma ya fi nauyi, yana ƙara ɗaga abu. Kifin da aka saba da shi bakin teku zai ɗan yi ƙasa cikin kogi. In lokaci ya sake, ko wuri ya sake, a sake gwaji.

Wani lokaci laifin ba na ƙugiya ba ne. Haƙoran tsage suna huda fenti, itace ya sha ruwa ya yi nauyi. Na roba in ya tsage, ruwa ya shiga ciki. A girgiza shi kusa da ido a duba. In haka ne, a shanya shi cikin inuwa har ya bushe, a toshe hujin da gam, sa'an nan a gwada.

In kifi babba ne, yaya za a yi?

Nan ne wuyar take. Giwan ruwa yana iya wuce kilo 100. Siririyar ƙugiya ba ta riƙe babba, mai kauri kuma tana nutsar da kifin ƙarya. Saurayin nan bai yi kuskure ba da ya nemi ƙarfi. Kuskurensa shi ne ya haɗa girma da kauri gaba ɗaya. Ga hanyoyi uku.

Ta farko: a rage girma, a ƙara kauri. Maimakon lamba 2 siririya, a gwada lamba 4 mai 3X ko 4X.

Ta biyu: in kifin ƙarya yana da ƙugiya uku, a cire ta tsakiya. Nauyin da aka rage sai a raba wa biyun da suka saura.

Ta uku: a wutsiya a sa ƙugiya mai baki ɗaya, mai ƙarfi, wadda ta ɗan fi girma. Yawanci ba ta kai mai baki uku nauyi ba, kuma ba ta yawan laƙewa ga ciyawa. Ga tsage, mai baki kamar ƙashi, baki ɗaya mai tsini ya fi shiga.

Zobe ma a duba shi. Ƙugiya mai ƙarfi bisa zobe maras ƙarfi aikin banza ce. Kuma ba ƙarfe kaɗai ke kama babban kifi ba. In ya ja, a ba shi zare, ya gaji. Mai gardama da giwan ruwa shi ke miƙe ƙugiyarsa.

Tsini kuma a kula da shi. A ɗora bakin ƙugiya bisa farce a ja a hankali. In ya kama, yana da tsini. In ya zame, a goga masa magagari. Ƙugiyar da tsatsa ta ci a sake ta, domin tana karyewa ranar da aka fi bukatarta.

Hattara da mutane da dabbobi

Ƙugiya mai baki uku ba abin wasa ba ce. Kifi yana fizga cikin jirgi, baki ɗaya na bakinsa, biyu na neman hannu. A cire ta da awartaki, ba da yatsa ba. In ta shiga nama har ƙayarta ta ɓace, kada a fizge ta baya. A tafi gidan likita. Ƙarfen da ya sha laka yana iya kawo ciwon sandarewar jiki, akwai kuwa allurar rigakafinsa. A gida, a ajiye ta cikin gwangwani mai murfi, inda hannun yara ba ya kai.

Akwai kuma haƙƙin makiyaya. Ruwan da masunci ke su, shi shanu da tumaki ke sha. Tsohuwar ƙugiya da aka yar bakin mashaya tana iya shiga leɓen saniya ko tsakanin kofatonta. Kifin ƙarya da ya nutse wurin da ruwa ba zurfi, in ruwa ya janye, tarko ne ga dabba da ƙafar yaro. Kada a yi jifa kusa da mashaya. Tsofaffin ƙugiyoyi a tara su a kai wa maƙeri. Mai son yin su kuma ya tuntuɓi ma'aikatan ruwa da dazuzzuka bisa maganar takardar izini.

Ƙarshen labarin saurayi

Da maraice saurayin da kawunsa suka zauna gindin randa. Suka cire manyan ƙugiyoyin. Ranar kasuwa ya koma da tsohuwar cikin gwangwani. Wannan karo ya karanta kwali. Ya sayi masu kauri, amma lambar da ke ƙasa da tsohuwar a girma. Suka sa ɗaya a ciki, suka gwada: ya taso. Suka sa ta biyu a wutsiya: ya taso, amma wutsiya ta ɗan yi ƙasa. Suka cire ta, suka sa mai baki ɗaya. Kifin ya kwanta daidai, ya taso a ƙirga 5.

Tsoho ya ce: "To ɗana, bar shi hakanan. Wurinmu itatuwa sun yi yawa. Gara mai dawowa gida."

Babban giwan ruwan nan bai sake zuwa ba cikin makon. Amma matsakaita sun samu, kuma kullum da yamma kifin ƙarya yana dawowa cikin gwangwaninsa.

Abin da za a riƙe

1. Ƙugiya ba kamu kaɗai take yi ba, ita ce nauyin kifin ƙarya.

2. Lamba babba, ƙugiya ƙarama. Alamar X kauri ce.

3. A sake ɗaya, a gwada cikin randa, sa'an nan a sake ta biyu.

4. Nauyi a ciki, wutsiya sakayau.

5. Kada a bar ƙugiya inda yara da dabbobi ke bi.

Wanda ya karanta wannan fili ya karanta wa maƙwabcinsa. Matambayi ba ya ɓata. Wata mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin sana'a zai yi magana bisa ƙyafe kifi da ajiyarsa, yadda ƙwari ba za su ɓata shi ba.